Ka buga in buga: wane tsarin faɗa ne ke son tunani, ba saurin yatsa ba?

Bahagon_Dole ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, a yi haƙuri.

Yau sati uku ke nan da na zame a matakalar bene na karya wuyan hannuna na dama. An ɗaure shi, likita ya ce sai an yi sati shida kafin a kwance, wataƙila ma ya fi. Yatsun suna motsi, amma da na matsa maɓalli da ƙarfi sau biyu ko uku sai zogi ya taso har gwiwar hannu. Ni kuwa tun tasowata gem ɗin gudu da duka na sani, ƙwallo da tseren mota da su God of War. Wasan da ake jeruwa a layi, ka buga in buga, dariya nake wa masu yinsa. Nakan ce wane irin faɗa ne dodo zai tsaya yana jiranka ka gama laluben jaka? To yau ga ni a cikinsu, pad a kan cinya, ina dannawa da hagu.

Uku na gwada. Na farko Final Fantasy X, wanda aka fara fitarwa a 2001 a PlayStation 2, ni sabon gyaransa na samu. Abin da ya kama ni shi ne jerin ƙananan hotunan da ke gefen dama na allo. Yana nuna maka wanda zai buga yanzu, da mai bi masa, da mai bin wannan, mutanenka da abokan gaba duk a haɗe. Kuma jerin ba a kafe yake ba. Ka ɗora kan shan magani ka ga hoton mutuminka ya matso sama, ka ɗora kan bugu mai nauyi ka ga ya sulale ƙasa, tun ba ka danna ba.

A kan dutsen Gagazet na gane amfanin abin. Bos ɗin wurin, Seymour, yakan soki mutum ɗaya da mashi ya sa masa ciwon Zombie, sai abin da yake haye a kai ya biyo da Full-Life, sihirin tada wanda ya faɗi, wanda ga mai wannan ciwo kisa ne nan take. Sau huɗu yana share ni. A na biyar na ajiye pad, na zura wa jerin nan ido, na ga ashe su biyun a manne suke, babu nawa ko ɗaya a tsakaninsu. Sai na sa Tidus, jarumin wasan, ya yi mana Haste, sihirin ƙara sauri, tun daga farko. Can sai ga hoton Rikku, ɗaya daga cikin mutanena, ya kutsa tsakanin Seymour da abin hawansa, daidai inda nake bukata, ta jefa Holy Water, maganin ciwon Zombie, Full-Life ya sauka a kan lafiyayye ya tashi a banza. Na fi minti goma ina wannan lissafi, ba wanda ya taɓa ni. Wallahi ban taɓa jin daɗin cin bos irin na ranar ba.

Da na gama sai na ce bari in koma baya, na ɗauko Final Fantasy VII na 1997, tunda kowa yabonsa yake. Nan kuma wata mita ce ke cika a gaban sunan kowa, kuma lokaci ba ya tsayawa. Ina can ina neman Cure, sihirin warkarwa, da hannun hagu, ana ta jibgata. Na daure har na fita daga Midgar, birnin da ake fara wasan, na ajiye.

Na uku Clair Obscur: Expedition 33, na wani kamfanin Faransa, da ya fito a 2025. Kyau kam ba magana. Amma duk bugun da abokin gaba zai kawo sai ka goce ko ka tare da kanka a daidai lokacin, su kuma dodannin sun iya yaudara, a ɗaga takobi a riƙe a sama kamar an fasa, sannan a sauke. Awa biyu na yi hannuna ya ce bai yarda ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, duka ukun nan sunansu ɗaya, wai faɗan bi-da-bi, alhali a hannu ba su ko yi kama ba. To mene ne ainihin bambancin? Kuma wanne zan kama yanzu? Sharaɗina biyu: kada ya nemi sauri, kuma kada ya zama irin wanda maganin kowane bos shi ne ka koma daji ka yi ta kashe ƙananan dodanni har matakinka ya ƙaru. Ina son in an ci ni in san kaina ne bai ja ba.

MaiLago ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Malam, ai ka riga ka amsa rabin tambayarka ba ka sani ba. Abin da ya burge ka a Gagazet ba ƙarfin Rikku ba ne, layi ka sata. Ni da wannan nake auna kowane tsari: shin damar bugu abu ce da ake raba wa kowa ɗaya-ɗaya, ko kuwa dukiya ce da za a iya samu, a ƙwace, a yi asararta? A tsoffin wasanni irin Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na farko na 1987, kowa bugu ɗaya yake da shi a zagaye, shi ke nan. Idan damar kowa daidai take, mai manyan lambobi ne zai ci, shi ya sa maganin bos a can yakan zama komawa daji. Da zarar an ce layin kansa ana cinikinsa, to ƙaramin mataki zai iya kayar da babba.

Wanda ya kai wannan tunani ƙarshe a ganina shi ne Shin Megami Tensei III: Nocturne, na kamfanin Atlus, 2003. Sunan tsarin Press Turn. Ku huɗu ne a fili, kai da dodanni uku da ka shawo kansu suka bi ka, don haka alamomi huɗu ne a saman allo, kowane bugu ya cinye ɗaya. Amma in ka bugi abokin gaba a lagonsa, misali wuta ga mai tsoron wuta, rabin alama kawai za a cire maka. Ka ga huɗu za ta iya zama takwas. In ka kai bugu ya goce, ko ka jefa masa abin da ba ya kama shi, alama biyu ta tafi. In kuwa ya shanye sihirin ko ya maido maka da shi, duka alamominka sun ƙone, sai ka zauna ka karɓi rabonka.

Daɗin abin, dokar nan ba kai kaɗai ta hau ba. Su ma haka. In akwai mai tsoron ƙanƙara a cikin mutanenka, to ka ba abokan gaba kyautar bugu a kowane zagaye. In kuma ka zo da wanda iska ba ta kama shi, suka jefo iska, su ne za su yi asara. Saboda haka rabin faɗan tun kafin a shiga ake yinsa, wurin zaɓen wa za a tafi da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani bos a farko-farkon wasan, Matador, ƙwarangwal ne da jan ƙyalle irin na masu wasa da bijimi a Sifen. Shi ne mai tankaɗe. Duk wanda ya zo da ɗabi'ar "in buga kawai" a nan yake tsayawa. Yana kaɗa ƙyallen nan, Red Capote, saurinsa ya kai ƙololuwa, sai ka yi ta dukan iska, kuma ka tuna kowane dukan iska alama biyu ne. Na farkon zuwana, mu huɗu, bugu biyu muka kai, duka suka wuce, layi ya koma hannunsa. Na je na ƙara mataki biyar na dawo, ya sake yi mini irin ta farko. Ba zan faɗa maka maganinsa ba sai ka nema, amma ba a daji yake ba.

Babu agogo ko na sakan ɗaya, hannu ɗaya ya ishe ka. An sake fitar da shi da gyara a 2021. Abu ɗaya dai, labarinsa na aljanu ne da gumakan al'ummu daban-daban da tashin duniya, in irin wannan yana damunka ka sani tun yanzu. Persona 5 ƙaninsa ne, can ma bugun lago yana ba ka ƙarin dama har ka miƙa wa abokinka, sai dai ya fi sassauci nesa ba kusa ba, kuma za ka sha zaman surutu tsakanin faɗa da faɗa.

Baba_Kaset ya rubuta:

Yaro, Allah ya ba da lafiya. Amma ka zalunci Final Fantasy VII, kuma ba zan yi shiru ba.

Ka shiga Config kuwa? Akwai wurin da aka rubuta ATB, wato tsarin mitar nan, da zaɓi uku: Active, Recommended, Wait. Ka sa Wait. Da ka buɗe jerin sihiri ko na kayan jaka, lokaci zai tsaya cak har ka zaɓa. A ƙasa kuma akwai saurin faɗa, ka ja shi baya. Wata uku za ka iya yi kana neman Cure ɗinka.

Tsarin nan Hiroyuki Ito ne ya ƙirƙiro shi don Final Fantasy IV a 1991, kuma an san cewa daga kallon tseren motocin Formula One tunanin ya zo masa, yadda mota mai gudu ke zagayowa ta wuce ta baya. Mai sauri ya buga sau biyu kafin mai nauyin jiki ya buga ɗaya. Mu da muka taso da tsohon tsari, ranar da muka ga haka ji muka yi kamar an buɗe taga.

Kuma akwai abin da mitar nan ke iyawa wanda jerin hotunanka ba ya iyawa: ta mai da jira ya zama dabara. Ka tuna kunamar ƙarfen nan, bos na farko a cikin tashar Mako? In ta ɗaga jela ka buge ta, sai ta rama da wuta a kan kowa. Abin da ake so ka yi shi ne ka riƙe hannunka, mitarka a cike, yatsa yana ƙaiƙayi, har ta sauke. Dodon hazo na farkon Final Fantasy IV ma haka yake, in ya narke ya zama hazo ba a taɓa shi. Sauri ya haifi nawa. A Chrono Trigger na 1995 kuwa har jiran juna ake, ka bar mitar mutum biyu ta cika don su haɗa bugu ɗaya, ko ka jira dodanni su taru wuri guda.

Na yarda dai da abu ɗaya. A mafi yawan ƙananan faɗa, mitar ba ta ƙara komai sai zaman jiran ta cika. Final Fantasy IX ya fi kowanne wannan laifi, mutum har ya yi hamma.

Bahagon_Dole ya rubuta:

Baba, na shiga Config yanzun nan. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, Wait. Kunya ta ishe ni. A yafe mini, zan koma masa. Kunamar nan kuwa sau biyu ta ƙone ni ina ta mamakin laifin me na yi.

Uwar_Garke ta rubuta:

Sannu da jiki Yaya. Duk waɗanda aka lissafa maka kwamfuta kake yaƙa, ita kuwa kwamfuta in ka gano halinta sau ɗaya ka gama da ita. Seymour zai yi mashi sannan Full-Life yau, gobe ma haka, jibi ma haka.

Ku daina raina Pokémon don kun gan shi a hannun yara. Labarin cikin wasan mai sauƙi ne, na yarda, da dabba ɗaya mai ƙarfi za ka iya ratsa shi. Amma karawa da mutum ta intanet wata duniya ce. Bambancinsa da duk na sama shi ne ba ka buga in buga ba ne: ku biyun a lokaci guda kuke zaɓa, a ɓoye, sannan a buɗe a ga abin da ya faru. Ba ka ganin jerin kowa. Hasashe kake.

A tsarin gasa, kowa ya zo da shida, a nuna wa juna, ka zaɓi huɗu, biyu a fili biyu a baya. Kowace dabba motsi huɗu kawai take da shi, nau'o'i kuma 18 ne, kowanne da wanda yake ci da wanda ke cinsa. Nawa garken masu nauyin jiki ne da gangan, domin ina amfani da Trick Room, wanda ke juya doka na zagaye biyar, marar sauri ya riga mai sauri. Matsalar, sai mai kafa shi ya tsira a zagayen farko. Jiya na haɗu da mai wata dabba, Incineroar, na san yana da Fake Out, marin da ke riga kowa sauka ya hana wanda aka mara motsi. Tambayar ita ce wa zai mara? In na yi Protect, wato kare kai, da mai kafawar, na tsira amma ban kafa ba. In na sake shi ya kafa, aka mare shi, zagaye ya tafi a banza. Shi ma yana can yana lissafin me zan zata zai yi. Na ce a raina mutumin nan ya ga garkena, ya san kowa Protect yake yi a nan, zai mari na gefe. Na saki. Ya mari na gefe. Ihun da na yi sai da aka leƙo ɗakin.

Akwai agogo, sakan 45 na zaɓe, amma danna biyu ne ko uku, hannun hagu zai yi. Sai dai ka shirya shan kashi na sati biyu kafin ka fara gane komai.

Sarkin_Bashi ya rubuta:

MaiLago ya ɓoye maka wani abu. A Nocturne in jaruminka ya faɗi wasa ya ƙare, ko da sauran ukun jininsu a cike yake. Kuma akwai sihirin kisa nan take, Hama da Mudo. Kana tafiyarka, ƙananan dodanni su yi maka kwanton ɓauna, su riga ka bugu, ɗaya ya jefo Mudo ya kama, aikin minti arba'in ya bi ruwa ba ka danna komai ba. Wannan kuma kai ne bai ja ba, ko zalunci ne?

Ni Bravely Default zan ce, na 3DS, 2012 a Japan. In ka yi Default ka kare kanka kuma ka ajiye bugu ɗaya a asusu. In ka yi Brave ka ciro, har bugu huɗu a zagaye guda. Kuma ana ba da bashi: ko ba ka da ajiya za ka iya zuba huɗun nan take, sannan ka tsaya ƙiƙam zagaye uku ana dukanka kana biya. Ƙananan faɗa, kowa ya ci bashi a share su a zagaye ɗaya a wuce, babu mai bin ka. Bos kuwa, in ka ci bashi bai mutu ba, ka shiga uku. Su ma suna ajiya suna ci, in ka ga bos ya yi Default sau biyu a jere ka fara neman mafaka. Bashi hanji ne. Octopath Traveler na 2018 ya ɗauki rabin wannan ya haɗa da neman lago, ka fasa garkuwar dodo ya rasa bugunsa, sannan ka sauke masa abin da ka tara.

MaiLago ya rubuta:

Ban ɓoye ba, mantawa na yi, kuma ka yi gaskiya, kwanton ɓaunar nan ba ta da kare kai a farkon wasa. Daga baya akwai Magatama, abubuwan da jarumin ke haɗiyewa su ba shi iko da kariya, masu tare su. A sabon gyaran an ƙara mataki mai sauƙi, Merciful, amma ni ban ba shi shawarar sa shi ba, don yana kashe abin da ya zo nema. Ka riƙa ajiye wasa duk inda ka ga tasha, ko da yanzu ka baro wata.

Linzami20 ya rubuta:

Ba wanda ya ambaci ɓangaren kwamfuta. Baldur's Gate 3, 2023, na Larian da ke Beljiyam. Da linzami kaɗai za ka buga shi. Can tambayar ba "yaushe zan buga" ba ce kawai, har da "a ina nake tsaye". Mai kibiya a kan tudu ya fi na ƙasa samun sa'a, kuma ƙaton da ya fi ƙarfinka kana iya hankaɗa shi rami a wuce wurin. Sai dai komai da ƙuri'a ake yi, ɗan lido mai fuska 20, za ka ga an rubuta kashi 90 cikin ɗari kuma ka kuskure. Faɗa ɗaya yakan ci rabin awa. In ba ka da haƙurin wannan, bar shi.

Bahagon_Dole ya rubuta:

Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na gode muku duka. Nocturne na kama, don maganar satar layi ta tsaya mini a rai.

Sarkin_Bashi, abin da ka faɗa ya same ni tun kafin in je ko'ina, sau ɗaya, kuma na yi minti biyar ina kallon silin. Ban ce adalci ba ne.

Matador kuwa sau shida. Na farko da na biyu ban ma gane me ke faruwa ba, alamomina kawai nake gani suna ɓacewa bibbiyu. A na uku na daina kallon jininsa na koma kallon saman allo, na lura duk zagaye sai ya jefo Mazan, iskar da ke kama kowa, kuma ɗaya daga cikin dodannina tsoron iska yake, wato ni da kaina nake ciyar da shi ƙarin bugu. Na cire wannan. Na koma shagon da ke cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ginza ina duba kaya ɗaya bayan ɗaya, na ga Magatama mai suna Hifumi, iska ba ta kama mai shi. Na haɗa wani dodo mai Sukukaja don mu ma mu ƙara sauri. Ban ƙara mataki ko ɗaya ba, da gangan, ina son in gani.

A na shida ya kaɗa ƙyallensa, muka yi Sukukaja, muka sake yi. Ya jefo iskarsa, ta daki jarumina ta tsaya, sai na ga alamominsa shi ma sun ɓace, layi ya dawo mana. Na yi dariya ni kaɗai har na buga hannun da ke ɗaure a jikin kujera, na ga taurari.

Uwar_Garke, naki sai an kwance ni, ba don hannu ba, don zuciyata ba za ta ɗauki shan kashi biyu a lokaci guda ba. Baba, na sa Wait, na wuce garin Junon jiya.

MaiLago, tambaya: wurin haɗa dodanni, in sihirin da nake so sabon ya gada bai fito ba, haka zan yi ta fita ina shiga har ya fito, ko a sabon gyaran akwai inda ake zaɓa da hannu? Na ga wani maɓalli a ƙasan allo ban gane shi ba.